Kibiyar Hamo Ba Ta Rusuna Wa Kowa

Hamo mai haɗa gangunan giya bai taɓa kuskuren harbi ba tunda uwarsa ta haife shi. Shi ya faɗa, kuma a ƙauyenmu Skelbi ba a musu da shi, don wanda ya soma musu da Hamo giyarsa takan salance kafin ya samu wurin sa baki. Abin da dai ke faruwa shi ne, duk ranar da ya ja baka sai iska ta juya, ko rana ta shiga idonsa, ko wani mara kunya ya yi tari, ko kuma tudun da ake harbi ya gusa. Tudun nan na ƙasa ne, kakanninmu suka tara shi, har ciyawa ta rufe shi, amma Hamo ya sha kama shi yana motsi.

Da ba don fadama ba, da an bar shi da halinsa. Tsakaninmu da mutanen ƙauyen Holmbek akwai wata fadama a bakin rafi, ciyawarta har ƙugu. Kakanni sun gaji da fasa wa juna kai a kanta, suka yanke cewa duk shekara in lokacin yanka ya zo a raba gardama da baka. Kowane gida mai saniya ya fito da mutum ɗaya, kowane mutum kibiya ɗaya. Ƙauyen da kibiyarsa ta fi kusa da farin ƙyalle shi ke yankan ciyawar shekarar. Waɗanda suka faɗi kuwa, shanunsu su ƙare hunturu da bambaro da haƙuri. Bara mu muka faɗi. Saniyar Hamo, wadda yake kira Sarauniya, ta fito daga hunturun nan kana iya rataya hula a ƙashin kwankwasonta. Kowa ya san in ta ƙara irinsa, sai dai fata.

Wata safiya matarsa Hawis ta leƙa rumfar aikinsa, ta tarar ya ture gangar da mutane ke jira, yana feƙe wata sanda mai kaurin babban yatsa.

Ta ce, "Maigida, ƙotar tsintsiya kake yi mini? Allah ya saka da alheri."

"Kibiya ce."

"Ta harbin me? Katanga?"

Ya ajiye wuƙa, ya dube ta irin duban da ake yi wa wanda Allah bai ba ilimi ba. "Na gano abin da ke cin ƙauyen nan. Ni kullum aikina lanƙwasa katako, na san halinsa ciki da bai. Katakon da ya yarda ya lanƙwasa ya riga ya miƙa wuya. Yayanki Gamel yana feƙe wa mutane 'yan tsinkaye, a sake su suna rawa a sama kamar wutsiyar kifi, sannan a zo ana mamakin Holmbek ta kwashe ciyawa. Abin da zai tafi kai tsaye, dole shi kansa ya tsaya tsaye. Wannan icen da kike gani, da irinsa aka yi ginshiƙin coci."

"Ginshiƙin coci kuwa ka taɓa ganin ya tashi sama?"

"Ba a taɓa ba shi dama ba."

Ya feƙe dami guda, ya liƙa musu gashin dinya, ya sa maƙeri ya yi musu tsini. Da yamma ya rungume su ya nufi mashayar Sabina.

A bangon mashayar nan akwai ƙusoshin katako biyu. Duk wanda ya feƙe kyauron kibiya nan yake kawo shi, ya gitta a kansu, ya rataya cikakken kofin giya a tsakiya, ya ga iya inda zai sunkuya. Kowane baka na ƙauyen yana da zanensa a bangon. Mai ƙaƙƙarfan baka zanensa na sama, mai sassauƙa nasa na ƙasa. In kyauro ya sunkuya daidai zanen bakanka, naka ne. In ya saɓa, ka nemi mai shi. Hamo da surukinsa Gamel zane ɗaya suke, don bakunkunansu tagwaye ne, daga ice ɗaya tsohon su Hawis ya tsaga su.

Hamo ya gitta tasa, ya rataya kofi. Ko gezau. Ya juyo ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Sabina, kawo guga."

"Guga na shanu ne, Hamo."

"Cika shi ki kawo."

Aka rataya guga cike da ruwa. Kibiyar ta ɗan yi kamar za ta yi tunani, ta fasa. Hamo ya harɗe hannuwa a ƙirji.

Gamel shi ne shugaban maharbanmu, manomi ne mai jinkirin magana, irin wanda yakan tauna kalma kamar saniya kafin ya furzar. Ya taso ya juya sandar a hannu, ya ce, "Ƙanina, wannan in kana son katange lambu, ka samu. Amma kibiya ba ta bi ta cikin baka, gefensa take bi. In tsirkiya ta ingizo ta, sai ta ɗan karkace, ta kewaye bakan, sannan ta miƙe. In ta cika laushi, ta yi dama tana layi. In ta cika tauri, ta ƙi kewayawa, ta bugi bakan ta yi hagu. Wannan ko kakata ta sani, ita kuwa ba ta taɓa harbin komai ba sai kakana, da ludayi."

Aka yi dariya. Hamo ya jira ta lafa.

"Yaya Gamel, kai ka saba kewaye-kewaye, shi ya sa kibiyarka ta gado ka. Tawa ba ta kewaye kowa, ba ta rusuna wa kowa. Bakan ne zai ba ta hanya."

Wani daga lungu ya ce, "Ka gaya wa bakan?"

"Zai ji a jikinsa."

Ranar Lahadi bayan an tashi coci, aka fita filin bayan gari kamar yadda aka saba. Fada Osbat ya zo kallo da cukunsa a hannu. A hagun tudun akwai shinge, bayan shingen kuma lambun Gwaggo Edelina, tsohuwar da ke da kabeji da amyar zuma da harshe mai kaifi biyu.

Hamo ya ɗana, ya ja har kunne, ya saki. Bakan ya yi wata ƙara kamar an rufe ƙofa da fushi. Kibiyar ta fita a karkace, ta ratsa shinge, aka ji ɓas.

Muryar tsohuwa ta taso daga bayan shinge. "Wane ɗan asara ne ya kashe mini kabeji?"

Hamo ya lakaci yawu a yatsa ya ɗaga sama. "Iska."

Gamel ya dubi hayaƙin gidan burodi da ke tashi a miƙe kamar igiya.

Ta biyu ta bi sawun 'yar'uwarta, sai dai ta ɗan ɗaga. Wannan karon ba a ji ɓas ba. Wani sauti aka ji mai taushi, sannan shiru, sannan wani gurnani da ya taso a hankali daga amyar zuma. Gwaggo Edelina, wadda ta shekara tana cewa gwiwa ta hana ta zuwa coci, ita ta fara tsallake shingen. Fada Osbat ya tattare rigarsa har cinya ya nufi rafi, cukun na hannunsa bai saki ba. Maharban Skelbi, waɗanda aka ce ubanninsu sun tsaya wa dawakai a hayin teku, suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Hamo ne ya tsaya, don yana so ya gama bayani, kuma zuma ta saurare shi sosai.

Tun dare bai yi ba fuskarsa ta zama kamar curin burodin da ya kwana a ruwa. Hawis na shafa masa albasa, Gamel na zaune a bakin ƙofa.

Ta wata 'yar ɓarakar da ta rage a bakinsa Hamo ya ce, "Zuman nan ba na ƙauyen nan ba ne. Na lura da su. Daga Holmbek aka turo su."

Hawis ta ce, "Sun gaya maka sunayensu?"

Gamel ya nisa. "Ƙanina, bari in faɗa maka a gajarce. Kibiyarka ta fi ƙarfin bakanka. Shi ke nan."

Idon Hamo guda da ke buɗe ya yi haske. Ya ture hannun matarsa ya tashi zaune.

"Maimaita."

"Na ce ta fi ƙarfin bakanka."

"Hawis, ki zama shaida. Na daɗe ina zargin bakan nan bai kai ni ba, kunya ce ta hana ni faɗa, tunda na tsohonku ne. Yau ga shi daga bakin yayanki."

Gamel ya ɗauki hularsa ya tafi gida.

A rufin mashaya akwai wani baka da ke rataye, na marigayi mijin Sabina, ƙaton maƙerin da ya je yaƙi hayin teku ya dawo da kunne ɗaya. Tunda ya mutu ba wanda ya taɓa shi sai gizo-gizo. Zanensa a bango yana can sama shi kaɗai, ba maƙwabci. Hamo ya je aro.

Sabina ta ce, "Mai shi da kansa sai ya ci ƙafar rago yake jan sa."

"Mai shi, Allah ya jiƙansa, da kunne ɗaya yake ja. Ni biyu gare ni."

"Ba da kunne ake ja ba, Hamo."

"Sauko da shi dai."

Sai da ƙarti uku suka taru kafin a ɗaura masa tsirkiya. Rabin ƙauye ya biyo Hamo fili, amma kowa ya tsaya a bayansa, kuma ta dama. Gwaggo Edelina ta kwashe sauran amyarta ta kai gidan 'yarta.

Ya ɗana ya ja. Tsirkiya ta taso kamar taƙi guda ta tsaya. Ya ƙara ja, fuskarsa ta tashi daga ja ta koma kalar kabejin da ya kashe. Tsirkiya ta iso gwiwar hannunsa ta ce nan ne iyakarta. Ya cije, ya banƙare, ya tattaro ƙarfin da yake ajiya da wanda ba shi da shi. Aka ji wani abu ya ce ƙas, kuma ba bakan ba ne. Yatsunsa suka saki don kansu. Kibiyar ta yi tsalle ɗaya ta hagu ta kwanta a ciyawa kamar karen da ya gaji, tsirkiya ta zabge shi a hannu, shi kuwa ya tsaya a duƙe, hancinsa na kallon takalmansa.

Aka jira ya miƙe. Bai miƙe ba.

Gamel ya ce, "Ƙanina, me ka yar?"

"Ina duba ƙasar ne. Tana da gangara."

A duƙe ya tafi gida, a duƙe ya je coci Lahadin da ta biyo, har Fada Osbat ya yi misali da shi a wa'azi a kan tawali'u. Da ya wuce ta ƙofar mashaya Sabina ta leƙo ta ce a zo a gitta shi a kan ƙusoshi a rataya masa kofi, a ga bakan da ya dace da shi.

Amma kwanciya ba ta hana Hamo tunani ba, kuma nan ne haɗarin. Yana kwance ruf da ciki Hawis na taka masa baya, ya lura cewa duk kibiyoyinsa hagu suka yi, kuma kusan gwargwado ɗaya. Da ya samu ya miƙe, ya mayar da bakan marigayi, ya ce ya tsufa icensa ya mutu, ya ɗauki nasa ya koma fili. A damar tudun akwai wata bishiyar tuffa. Ya ƙyale tudun, ya auna tuffar, ya saki. Kibiyar ta bugi baka, ta karkace, ta yi hagu yadda ta saba, ta faɗa gindin tudu tim.

Ya sake. Ta sake samun tudun, wannan karon a kafaɗa.

Kafin rana ta karkata duk Skelbi ta ji. Hamo ya hau kan ganga a mashaya ya yi bayani.

"Ba a kibiyar abin yake ba. A nan yake." Ya daki damtsensa. "Ƙarfi ne ya yi yawa. In na saki, damtsen ke ture ta hagu, kamar yadda ƙaton sa ke jan garma gefe in an haɗa shi da maraƙi. Ku masu ƙananan hannuwa sai ku auna abin da kuke so. Ni dole in auna gefe, in ba ƙarfina fili."

Wani ya ce wa Gamel, "Ba za ka yi magana ba?"

Gamel ya kurɓi giya. "Yana samun tudu, bai kashe kowa ba, zuma na barci. Me zan ce? Ranar nan kibiya ɗaya ce tasa. Ta faɗa inda ta ga dama."

Ranar harbi ta zo da rana tas, ba ko iskar da za ta kaɗa gashin dinya. Kowane gida ya jawo saniyarsa ya ɗaure a gefen fadama, don a ga shaidar cewa yana da haƙƙin harbi. Shanun suka jera suna kallon ciyawar nan, yawu na zuba. Aka tara tudu biyu a jere, namu a hagu, na Holmbek a dama, kowanne da farin ƙyalle kamar tafin hannu a ƙirjinsa. Ranulf, wakilin ubangidan ƙasa, ya hau amalanke ya maimaita ƙa'idar da kowa ya haddace: ba a tambayar wa ya harba, tudu ke da kibiya. Kakanni ne suka sa haka, bayan wata shekara da aka kwana ana dambe a kan wata kibiya da mutum biyar suka rantse tasu ce.

Hamo ya iso da daminsa a kafaɗa, yana tafe yana gaida mutane da kai kamar mai zagayen gonarsa. A rumfar giya ya ci karo da Wimond, mai niƙan Holmbek, mutumin da in ya hau gada ake jira ya sauka kafin a bi da doki.

Wimond ya dubi damin ya ce, "Maƙwabci, itacen girki ka kawo mana? An gode, naman bai nuna ba."

"Kibiyoyin maza ne. Ban yi zaton za ka gane su ba."

"Na ji labarinsu. An ce ba kabejin da ya tsira."

"Za ka ji sabon labari yau. Waɗannan ba su lanƙwasa."

"Komai na lanƙwasa, maƙwabci. An ce kai ma ka gwada."

Mutanen Holmbek suka kwashe da dariya, namu ma wasu suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Kunnuwan Hamo suka yi zafi. Ya mirgino ganguna biyu, aikin hannunsa, ya tsayar da su, ya gitta damin gaba ɗaya a kansu.

"Zauna."

Hawis ta ratso jama'a. "Maigida, ka cire ko guda ɗaya."

"In na cire ɗaya a ce na ji tsoro. Zauna, Wimond, in ba tsoro kake ji ba."

Wimond ya miƙa wa wani kofinsa, ya juya, ya sauke kansa a hankali kamar ana sauke dutsen niƙa. Damin ya yi ƙara, ya yi kuka, amma ya riƙe. Ƙafafun Wimond suka bar ƙasa. Jama'a suka yi tafi, har 'yan Holmbek. Da Hamo ya tsaya nan, da ya ci ranar. Amma tafi a kunnen Hamo kamar giya ce a cikin wanda bai karya ba.

"Wannan ai wasa ne. Matsa."

Ya dafa kafaɗar Wimond ya yi tsalle ya dira a cinyarsa.

Gaskiyar Hamo, ba su lanƙwasa ba. Duka suka karye a lokaci guda, da ƙarar da ta sa shanu tsinke igiya. Wimond ya sauka da mazaunai, Hamo a kansa, ganga ɗaya ta kife ta yi musu wanka. Da aka janye su, Hamo ya tsuguna yana tattara guntaye yana haɗa baki da baki, ko za su tuba.

Wakili ya busa ƙaho, aka soma harbi. Ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Gwanin Holmbek ya sa tasa taƙi guda daga ƙyallensu, suka yi ta ihu. Gamel ya fito, ya murza kyauronsa a yatsu, ya ja, ya saki ba tare da ya sauya fuska ba. Yatsa biyu tsakaninta da ƙyallenmu. Sauran 'yan Holmbek suka harba, ba wanda ya kusanto. Nasu suka ƙare. Matan Skelbi suka soma duban fadama suna raba aiki da ido, wasu mazan har sun tura a ɗauko lauje.

Ranulf ya dubi shanu ya dubi maharba. "Saura gida ɗaya. Ta wa ce ramammiyar can?"

Gamel ya ce, "Ranka ya daɗe, mai ita ba shi da kibiya. A yafe masa."

Wimond, yana matse giya daga rigarsa, ya ce, "A'a. Gida mai saniya sai ya harba, in ba haka ba ƙauyen ya faɗi. Ba ni na sa ba. Mun rasa fadama, a bar mu mu samu abin dariya."

Ranulf ya ce haka ne.

Gamel ya zaro kibiya daga kwarinsa ya kama hannun surukinsa ya ja shi gefe. "Ƙanina, ka ji ni da kyau. Mun riga mun ci. Ba abin da ake nema a wurinka sai abin da ka saba. Harba ta ƙasa, nan gaban ƙafarka. Ko rafi. Rafi na da faɗi."

Hamo ya jinjina kibiyar a tafin hannu. "Wannan ai kara ne."

"Kara ne, amma na bakanka ne, zanenmu ɗaya. Wannan ba ta san hagu ba. Inda ka duba can take zuwa."

"Har yanzu ba ka gane ba, Yaya. Ba kibiya ke yin hagu ba, damtse ne. Damtsen kuwa ban baro shi a gida ba."

Hawis ta riƙe masa riga. "Maigida, dubi Sarauniya. Dube ta dai. Yau kaɗai, don Allah, ka yi kuskure da gangan."

"Mace, so kike a ce Skelbi ta ci fadama da yatsa biyu, alhali ina raye?"

Ya taka ya tsaya a layi. Ya ji idon ƙauye biyu a bayansa, ya ji daɗin nauyinsu. Ya dubi tudunmu, sannan ya karkata dama yana neman tuffarsa. Nan ba tuffa. Ya ƙiyasta tazarar da ya saba bayarwa, ya kai idonsa wurin, sai ga wani farin abu tsaf a daidai inda yake bukata. Ya ce a ransa, mai rabo ko alama Allah ke ajiye masa. Ya ji Gamel a baya yana kiran sunansa a hankali, irin kiran da ake yi wa mai tafiya cikin barci a bakin rijiya. Ya ja har kunne, ya saki.

Tsofaffin da suka ga harbin nan sun ce ba su taɓa ganin mai kyansa ba. Bakan bai yi ƙara ba, numfashi kawai ya yi. Kibiyar ta karkace ta kewaye shi kamar mai ladabi, ta kaɗa sau ɗaya, ta miƙe, ta tafi kamar an ja zare. Ta shige tsakiyar ƙyallen Holmbek cak, har gashinta na rawa.

Ba wanda ya yi motsi. Hamo ya kare ido da hannu yana duban tudunmu, yana jiran isowarta.

"Ina ta shiga? Ta nutse ne gaba ɗaya?"

Gamel ya kama haɓarsa ya juya masa kai dama.

Ranulf ya sauka daga amalanke, ya je ya duba, ya dawo. Ya share murya. "Tudu ke da kibiya. Fadama ta Holmbek ce."

Hamo ya ce, "Tudun ya gusa."

Ba wanda ya ji shi, don 'yan Holmbek sun riga sun rufe shi. Al'ada ce wanda kibiyarsa ta ci a ɗaga shi a kafaɗa, a ɗaura masa ciyawa a ka, a kai shi ya yi yankan farko. Suka cira shi sama. Da farko ya yi ta shure-shure. Amma bai taɓa ganin taro daga sama ba, kuma sunansa ake rerawa. Kafin a kai bakin fadama ya daina shuri, ya gyara zaman ciyawar kansa, ya soma ɗaga wa mutane hannu. Da suka gifta ta gaban maharban Skelbi, waɗanda suka tsaya kamar an binne musu uwa, ya sunkuyo ya ce, "Yaya Gamel, ka dai ga tsakiya. Ba yatsa biyu ba."

Sai da mutum huɗu suka riƙe Gamel, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Hawis ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta je ta kwance Sarauniya, ta jawo ta har gaban Wimond, ta danƙa masa igiya a hannu.

"Gidan da kibiyarsa ta ci yana da rabo a ciyawa, ko ba haka ba?"

Wimond ya sosa ƙeya ya dubi wakili. Wakili ya ce bai taɓa jin an hana ba.

"To ga ta, ta yi hunturu a wurinku. Ku dawo mini da ita da ƙiba."

"Shi fa maigidan?"

"Ku kuka ɗauka. Ban ji na ce a sauke ba."

Haka Skelbi ta koma gida da laujenta a bushe, Holmbek ta tafi da fadama da saniya da Hamo. Saniyar sun riƙe ta har ƙanƙara ta narke. Hamo kuwa rana ba ta faɗi ba sai ga amalanken Wimond a ƙofar mashayar Sabina, Hamo a baya yana ta magana, ciyawa har yanzu a kansa. Wimond ya sauke shi kamar buhu, ya ce wa mutanen da ke zaune jugum, "Ga kayanku. Tun daga bakin rafi ya tara samarinmu yana koya musu yadda ake feƙe kibiya. Har sun fara zuwa neman gatari."

Gamel ya ajiye kofinsa a hankali. Ya tauna maganar, sannan ya ce, "Haba maƙwabci, gaggawar me kake yi? Mayar da shi ya gama."